Rijiya, Burtali da Tikitin Kasuwa: Inda Arzikin Damargu Yake Ɗaure

Idan ka tambayi mutumin Tanut ko na Belbeji dalilin da ya sa ƙasarsu ba ta ci gaba yadda ya kamata ba, kafin ka rufe baki zai ce maka ruwa. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Daminar Damargu gajera ce, wata shekarar ta zo da albarka, wata shekarar ta yi gardama. Ruwan ƙasa kuma yana da nisa ƙwarai, har akwai garuruwan da sai an ɗaura wa raƙumi ko jakuna igiya kafin guga ya fito. Ga mutane sun ƙaru: ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 400,000 a gundumar Tanut, kusan 100,000 a ta Belbeji, kuma daga lokacin zuwa yau haihuwa ba ta tsaya ba.

Duk da haka ruwa bai isa ya bayyana komai ba. Damargu tana da dabbobi masu tarin yawa, tana da hatsi da wake a shekarar da damina ta yi kyau. Babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas ta ratsa tsakiyarta, kuma matatar mai ɗaya tilo da ke Nijar a cikin ƙasarta take. Me ya sa dukiya take bi ta nan ta wuce, ba ta zama?

Akwai abin da ma'aunin ruwan sama ba ya aunawa. Idan aka kafa doka, tana tsayawa? Idan mutum biyu suka yi jayayya a kan iyakar gona, wanda ya fi gaskiya ne zai ci ko wanda ya fi sanayya? Kuɗin da aka karɓa a ƙofar kasuwa, ina suke zuwa? Wanda ya ba da bashi, yana da inda zai kai ƙara a saurare shi? Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa amsar irin waɗannan tambayoyi ita ke raba yankin da ke bunƙasa da wanda ke tsaye wuri ɗaya. A kan wannan batu aka ba Douglass North kyautar Nobel a 1993, aka kuma ba Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson a 2024. Amma manomin Gangara ba ya buƙatar littafinsu kafin ya gane. Gonar aro ba wanda yake kai mata taki da zuciya ɗaya, domin bai san ko baɗi za a bar masa ita ba.

Lokacin da Damargu take ciyar da Abzin

A watan Janairun 1851 Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, suka sauka a Damargu tare da ayarin gishiri, kuma a nan suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Ƙasar da suka tarar ita ce rumbun Abzin. Buzayen Kel Ewey suna sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Fataken da ke tsakanin Kano da Tarabulus suna yada zango a garuruwa irin su Jajiduna, kuma gashin jimina na wannan yanki yana cikin hajar da ke ƙetare Sahara har ta kai Turai.

Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliya ba. Akwai bauta, akwai hari, akwai gandun hatsi da ƙauyukan Dagirawa da Hausawa suke biya ba da son ransu ba. Amma fatauci na tsawon watanni a kan raƙumi ba ya yiwuwa sai da tsari, kuma tsarin yana nan. Madugu ya san wanda zai ba shi kariya da abin da zai biya. Baƙo yana da fatoma da zai sauke shi, ya tsaya masa a ciniki, ya ajiye masa kaya. Bashi yana tafiya daga Ghadames zuwa Damagaram a kan amana da shaidar malamai. Da rikici ya yi tsanani tsakanin Kel Ewey da Imuzurag a ƙarshen ƙarni na 19, hanya ta rasa tabbas, fatake suka fara ja da baya. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajar da ke bi ta hamada ta juya zuwa teku. A 1926 kuma Faransawa suka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram suka kai Yamai. Ƙasar ba ta motsa daga inda take ba, amma ta tashi daga tsakiyar hanya ta koma gefe.

Gwamnati ta riƙe komai, sannan ta saki

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ɗauki hanyar da ƙasashe da yawa suka ɗauka a lokacin: hukuma ce za ta saya, ita za ta sayar, ita za ta ba da bashi. A 1962 aka kafa SONARA don gyaɗa, da COPRO don kayan masarufi, da UNCC don ƙungiyoyin manoma da rance. A 1970 aka kafa OPVN don hatsi. Zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974 cikin tsakiyar fari, kuɗin uraniyom sun ƙara wa wannan tsari ƙarfi na ɗan lokaci. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Aka sakar wa 'yan kasuwa cinikin hatsi, aikin OPVN ya koma ajiyar ko-ta-kwana, bankin BDRN ya durƙushe a 1990. Sai taron ƙasa na 1991, sai karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Wannan sauyi daga hannun gwamnati zuwa hannun kasuwa shi ne irin wanda ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da maƙwabtanta suka shiga a daidai wannan lokaci, ko da yake nasu ya fi namu zurfi. Abin da ya fito fili daga can shi ne sakin kasuwa kaɗai ba ya gina komai. A 1990 abin da ɗan Polan da ɗan Yukiren suke samu a shekara bai yi wa juna nisa ba. Bayan shekara 30 na ɗan Polan ya ninka na maƙwabcinsa fiye da sau uku. Polan ta gyara kotuna da bankuna da ƙananan hukumomi, a Yukiren kuwa masana'antun gwamnati suka faɗa hannun 'yan tsirarun da ke kusa da masu mulki.

Misalin da ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na Mongoliya, ƙasar makiyaya. A farkon shekarun 1990 aka rushe ƙungiyoyin kiwo na gwamnati, aka raba wa mutane dabbobi. Kowa ya yi murna, garke ya ƙaru daga wajen miliyan 26 zuwa sama da miliyan 33 cikin shekara tara. Sai dai ƙungiyoyin da aka rushe su ne masu gyaran rijiyoyi, masu ajiye ciyawa, masu aiko malamin dabbobi, masu tsara wa kowa inda zai yi kiwo. Babu abin da ya maye gurbinsu. Da mugun sanyi ya zo shekara uku a jere, daga 1999 zuwa 2002, dabbobi wajen miliyan 11 suka mutu. Duk makiyayin Tarka ko Tenhiya da ya ga 1984 ko 2010 zai fahimci wannan labari ba tare da tafinta ba.

Bambancin kuma ba tsakanin ƙasa da ƙasa kaɗai yake ba. A Biyetnam doka ɗaya ce ga dukan larduna, amma tun 2005 ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar take tambayar dubban kamfanoni kowace shekara: kwana nawa takarda take ɗauka a lardinku, ana neman na goro, ana samun fili cikin sauƙi? Sai a jera larduna daga na gaba zuwa na baya, a buga kowa ya gani. Larduna irin su Da Nang da Binh Duong da Quang Ninh, waɗanda suka yi suna a wannan jeri, sun kasance cikin waɗanda jari ya fi kwarara zuwa gare su. Ke nan ƙaramin ofis yana da nasa kason a cikin arziki ko talaucin yanki, ba sai an jira babban birni ba.

Iyakar da aka ja a 1961

A Damargu babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar a kan ƙasa. A watan Mayun 1961 aka yi dokar da ta ja iyakar noma ta arewa. Kudu da layin ƙasar noma ce, arewa da shi ƙasar kiwo ce, ba a share sabbin gonaki, kuma wanda ya yi noma a can ba shi da haƙƙin neman diyyar ɓarna. Layin ya bi ta wannan yanki namu. Shekara sama da 60 ke nan dokar tana nan a rubuce, gonaki kuwa sun daɗe da tsallake ta. Fari ya koro mutane, ƙasar kudu ta cika, makiyayan da suka rasa dabbobi a 1973 da 1984 su ma suka kama hauya, wasu kuma suka share gona don kawai su nuna wurin nasu ne.

Ba na ganin laifin talakan da ya bi inda zai sami abin kai wa baki. Abin da ya dame ni shi ne halin da aka bar kowa a ciki. Manomin da ke arewa da layin ya shekara 30 yana noma gonar da doka ba ta san da ita ba, don haka ba zai iya kafa ta jingina ba, ba shi da tabbacin barin ta ga 'ya'yansa. Makiyayi kuma yana riƙe da doka a hannu, amma idan ya sauko bayan damina sai ya tarar an nome burtali, an kewaye tabki da gonaki, kuma idan saniya ta taka kara shi za a ci tara. Dokar da ba a aiki da ita, ba a kuma soke ta ba, ta fi rashin doka cutarwa, domin kowane ɓangare yana da hujjar da zai riƙe, hukunci kuma ya koma hannun wanda ke kan kujera a ranar. Mun san inda irin wannan take kaiwa. A Toda ta jihar Maraɗi, a watan Oktoban 1991, an kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani.

Nijar ba ta zauna haka nan ba, kuma wannan abin a faɗa ne. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa ƙa'idojin tsarin karkara, waɗanda ƙasashen maƙwabta suke zuwa koyo. Sun amince cewa haƙƙin gona na gargajiya haƙƙi ne kamar na takarda. Sun kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, aka fara gwada su a Mirriya da Maine Soroa a 1994, daga baya suka bazu: na gunduma a ƙarƙashin perefe, na kwamin a ƙarƙashin magajin gari, na ƙauye ko ruga a ƙarƙashin mai gari ko arɗo, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Kofo na ƙauye yana iya rubuta shaidar gonar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. A watan Mayun 2010 aka ƙara dokar kiwo, bayan shekaru ana kai ruwa rana da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali, ta hana kowa mallake filin kiwo shi kaɗai, ta tsara yadda za a sa ranar sakin gonaki.

Matsalar tana wajen aiki. Kofo da yawa suna motsi ne idan wani shiri na masu ba da agaji ya kawo kuɗin mai da na zama, shirin yana ƙarewa littafin rajista ya koma cikin akwati. Ana kafa turakun siminti a burtali, bayan damina biyu a tarar an tumɓuke wasu, ba a tambayi kowa ba. Ana sayar da gona da baki a gaban mutum biyu, bayan shekara goma shaidun sun rasu, magada su tayar da magana. Mata kuwa, waɗanda addini ya ba su kasonsu na gado, sau da yawa ana ce musu ɗan'uwa zai riƙe musu, riƙon kuma ba ya ƙarewa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan yake cikin waɗanda suka kafa ta, sun shafe shekaru suna nuna cewa a ofisoshinmu ƙa'ida biyu ce ke tafiya tare, wadda aka rubuta da wadda kowa ya san ita ake bi.

Wanda yake ganin takarda da tabbas ba su da alaƙa da arziki, ya dubi kudancin jihar Damagaram. A da ma'aikatan gandun daji suna cin tarar manomi idan ya sare reshe a gonarsa, don haka mutane suka ɗauki itace a matsayin kayan gwamnati, suna cire shi tun yana tsiro. Daga tsakiyar shekarun 1980, da hannun hukuma ya sassauta, manoma suka fara ganin itacen gonarsu nasu ne, sai suka shiga barin gawo da sauran itatuwa suna tasowa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a ƙasar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba a raba wa kowa kuɗi ba. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena.

Rijiya tana bin wannan hanyar. Rijiyar gargajiya tana da mai ita, baƙo yana neman izini, a ba shi kwanaki, kuma ta haka ake kiyaye ciyawar da ke kewaye. Da hukuma ta fara gina rijiyoyin siminti da manyan famfuna a ƙasar kiwo, aka ce na kowa ne. Niyyar mai kyau ce, amma inda babu kwamitin da ake jin maganarsa, mai ƙarfi ne ke fara sha, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, injin ya lalace a rasa wanda zai ce ga kuɗin da aka tara. Elinor Ostrom, wadda ta sami Nobel a 2009, ta nuna cewa jama'a suna iya riƙe dukiyar tarayya da kyau idan su suka tsara ƙa'idar, suka san iyakar masu haƙƙi, kuma hukuma ta mara musu baya. Yanzu kuma ga wani sabon abu: masu kuɗi suna haƙa rijiya ta kansu a tsakiyar makiyaya, wanda ya riƙe ruwa kuwa a rani ya riƙe duk ciyawar da ke zagaye da shi. Doka ta ce sai da izini da shawarar Kofo. Haƙƙin mutanen wuri ne su nemi ganin wannan izini.

Kasuwa da kan iyaka

Ragon Belbeji da hatsin Bakin Birji ba a Damargu farashinsu yake yankewa ba. Yana yankewa ne a Mai'aduwa da Maigatari da Dawanau ta Kano, kuma yana hawa yana sauka tare da naira. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har farkon 2024. Daga namu ɓangaren kuma an hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, aka hana fitar da dabbobi gab da layyar 2025. Dalilin da aka bayar shi ne a sauƙaƙa wa mai saye a cikin gida, kuma wannan damuwa ce ta gaske. Amma wanda ya yi wata shida yana turke rago da bashin dusa, yana lissafin kasuwar kudu, shi ma ɗan ƙasa ne. Idan mataki irin wannan zai zo, ya kamata ya zo da sanarwa tun da wuri, da wa'adi, da bayanin abin da zai sa a ɗage shi. In ba haka ba, baɗi mutum ba zai turke ba, ko kuma ya bi ta daji da dare, kuɗin da ya kamata su shiga asusun ƙasa su ƙare a aljihun masu tare hanya.

Shekarar 2005 ta koya mana wani abu makamancin haka. Fari da fara sun yi ɓarna a 2004, amma abin da ya karya mutane shi ne farashi: buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, dabbobi kuma suka faɗi warwas, makiyayi ya sayar da akuya uku bai cika buhu ba. Akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ajiyar ƙasa ba ta taka kara ta karya ba, rabon kyauta kuma bai fara ba sai da damina ta yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bankunan cimaka na ƙauyuka an yi su ne don irin wannan rana, kuma duk wanda ya zagaya ya san labarinsu: inda ake kirga buhu a gaban jama'a, mabuɗi yana hannu fiye da ɗaya, suna nan da rai. Inda shugaban kwamiti ya ranta wa dangi ba rubutu, ginin ne kawai ya rage.

Wani lokaci ɗan ƙaramin abu yana gyara kasuwa. Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula take shigowa, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Labari ne kawai ya fara isa a kan lokaci. To ina ga an ƙara da tiya guda wadda kowa ya yarda da ita, da tikitin kasuwa mai lamba, da allo a ƙofar kara da ke nuna kuɗin da doka ta sa a kan raƙumi da sa da tunkiya?

Matatar mai da asusun kwamin

A ranar 28 ga Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a cikin kwamin ɗin Olelewa, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60, Nijar tana da kashi 40, ɗanyen man kuma yana zuwa ta bututu daga Agadem. Kundin tsarin mulki na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya ce a wallafa yarjejeniyoyin ma'adinai, a kuma raba kuɗinsu tsakanin gwamnatin tsakiya da ƙananan hukumomi. Dokokin ma'adinai da na man fetur sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ga yankunan da abin ya shafa. Ƙungiyoyi irin su ROTAB sun sha kokawa cewa kuɗin suna makara ko su taru a matsayin bashi a baitulmali.

Masana'anta irin wannan ba ta ɗaukar dubban ma'aikata, kuma aikin da take bayarwa yana son ilimin da yaran ƙauyukan kewaye ba su samu ba. Ba za ta mayar da Damargu birni da kanta ba. Hanyar da amfaninta zai bi ya iso ga talaka ita ce asusun kwamin, shi ya sa ingancin wannan asusu ya zama maganar kowa.

Kwamin-kwamin ɗinmu ba su daɗe ba. Zaɓen farko na kansiloli an yi shi a watan Yulin 2004. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da kwamin guda, Tarka, yayin da Tanut ta rage da biyar: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. A 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, amma kuɗi da ma'aikata ba su biyo aikin yadda ya kamata ba. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun kwamin a faɗin ƙasa, aka naɗa kantomomi. Mutane sun rabu a kan wannan mataki. Wasu suna cewa kansiloli sun mayar da lameri, wato ofishin magajin gari, wurin rabon kwangila tsakanin 'yan jam'iyya, wasu suna cewa wanda ba kai ka zaɓe shi ba, da wuya ka tsare shi da tambaya. A ganina ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayar ba ta canja ba: nawa aka tara a kasuwar Tanut da ta Sabon Kafi da ta Belbeji a wannan wata, nawa ya isa asusu, me aka yi da shi?

Mutane suna ƙin biyan haraji domin ba su ga aiki ba, lameri kuma tana cewa ba ta yi aiki ba domin ba a biya ba. Wannan zagaye ba ya karyewa da wa'azi. Yana karyewa ne ranar da aka karanta kasafin kuɗi da Hausa da Tamashek da Fulfulde a gidan rediyon gari, aka ce ga abin da kasuwa kaza ta kawo, ga rumfar da aka gina da shi, ga famfon da aka gyara, mai shakka ya je ya gani. Ɗan kasuwar da yake tunanin gina ma'ajiyar wake ko wurin sarrafa fata a Tanut maimakon Kano, abin da yake dubawa ke nan kafin ya dubi kwalta.

Akwai kason da yake namu, mu da ba mu riƙe da kowace kujera. Wanda ya sayi gona ko ya karɓi jingina ya je Kofo a rubuta tun shaidu suna raye, ko da tsakaninsa da ɗan'uwansa ne. Wanda ya ba da aro ya rubuta shekarun, domin mai aron ya sami zuciyar zuba taki. Wanda aka karɓi kuɗinsa a kasuwa ya nemi tikiti, ya duba lamba da kwanan wata. Idan ɓarna ta auku, doka ta ce a fara da sulhu a gaban sarakuna, a auna abin da aka ci a gaban wakilan ɓangare biyu, a rubuta takardar sulhu kafin a yi maganar kotu, kuma ba ta ba kowa ikon kama dabba ya yi mata farashi da kansa ba. Ranar sakin gonaki kuwa bai kamata ta zo wa kowa ba-zata ba. Wakilan manoma da na makiyaya suna da kujera a zaman da ake tattauna ta, kuma wanda bai san wakilinsa ba, wannan kakar ya tambayi mai gari ko arɗo sunansa.